Wanda Zai Tarbe Ni a Gindin Gangare

Tun da ɗana ya ɗauko ni daga Filinge ya kawo ni Yamai, babban aikina shi ne zama. An ba ni ɗaki mai fanka, an ba ni kujerar roba a bakin ƙofa, abinci yana zuwa kan lokaci, ba zan ce an rage ni da komai ba. Sai dai gidan birni, da gari ya waye kowa ya watse, a ja ƙofar ƙarfe a rufe, a bar ka kai da ƙadangarun katanga. Uwar ƴaƴana ta riga ni tafiya, Allah ya jiƙanta, hanyar gida kuma ta zama sai da addu'a, don haka ko na ta da zancen komawa, ɗana sai ya shiga tambayata ko na sha magani. A gida in ka zauna bakin ƙofa, kafin ka gyara zama wani ya yi maka sallama, ya tambayi ƙafarka, ya ba ka labarin wanda akuyarsa ta ɓata da wanda ake zargi. Nan kuwa mutum zai zo wucewa yana magana da ƙarfi, ka amsa masa da murna, ashe da wayar da ke kunnensa yake. Sau da yawa na ji wannan kunyar, har na koyi yin shiru. Kaɗaici yana damuna, ba na ɓoyewa.

Wata rana da la'asar ina zaune ina jan carbi, sai na ji wata ƙara daga tsakar gida, ƙurrr, ƙarar abu mai taya yana gudu kan siminti. Carbin ya tsaya a hannuna. Na tashi na leƙa, sai ga jikana Nuhu, wanda bai daɗe da shiga kwaleji ba, a tsaye kan wani allo mai ƙananan tayoyi huɗu, ya ware hannuwa yana tangaɗi. Kawunsa ne ya aiko masa da shi daga waje. Su siket suke ce masa.

"Kaka, matsa kar in buge ka," in ji shi. "Wannan ba na zamaninku ba ne."

"Kai tahi can, ɗan nema," na ce masa. "Mu munka hwara abin ga tun ba a haihi ubanka ba."

Ya yi dariya har ya faɗo daga kan allon. Bai yarda ba, ni kuma ban tsaya yi masa rantsuwa ba. Na koma ɗaki na buɗe gwangwanin da nake ajiye ƴan tarkacena, na ciro wasu ƙarafa biyu da suka yi tsatsa, na sa su a aljihu.

Lokacin da muke yara sojoji ne ke riƙe da ƙasa. Abin da muka sani na mulki bai wuce kiɗan soja a rediyon mai shayi ba, da tutar da muke ɗagawa a lakwal, wato makarantar boko, kowace safiya, da jandarma wanda in ya yi tari a bakin kasuwa har kaji sai sun nutsu. Ranarmu tana farawa ne da sautin taɓarya. Kana kwance za ka ji gidan nan ya fara daka, na kusa ya amsa, har garin duka ya ɗauka, sannan kukan guga a bakin rijiya, sannan muryar Inna tana cewa rana ba ta jiran mai barci a gidanta. Ka ba jaki ruwa, ka kora awaki wurin makiyayi, ka ɗebo kara, ka ruga lakwal kafin malaminmu, da muke kira mushe, ya ɗauko bulala. Babu yaron da ke da abin wasan da aka saya masa. Abin da hannunka ya ƙera shi ne naka, in ya lalace kuma ba ka da wanda za ka yi wa kuka.

A cikin waɗancan shekarun ne aka kawo mana kwalta. Masu aikin hanya suka kafa sansani a bayan gari, makanikansu kuma suna zubar da rulma da ta gaji, wato zoben ƙarfen nan mai ƴan ƙwallaye a ciki da ke sa ƙafar mota juyawa. A wurinsu shara ce, a wurinmu dukiya. Mu tsinto, mu wanke da kananzir, mu ɗiga mata baƙin mai. A samu katako, a gitta masa sanduna biyu na aduwa, a fiƙe bakinsu, a buga rulma da dutse, biyu gaba biyu baya. Sandar gaba tana juyawa, da ƙafa ake karkata ta. Birki kuwa babu, ba mu ma taɓa tunaninsa ba. Allonmu ni da Tahiru muka haɗa shi. Katakon murfin tsohon akwatin Inna ne da gara ta ci gefensa, rulmar kuma Tahiru ya samo, bayan ya yi kwanaki yana ɗebo wa wani makaniki ruwa. Dangar gidansu ce ta haɗu da tamu. Bahago ne, siriri, kullum da ƙaro a bakinsa yana tauna, in yana dariya ba ka jin sauti, kafaɗunsa kawai ke rawa. Tun muna rarrafe muke tare, har in an aiki ɗayanmu ba a tambayar inda ɗayan yake.

Rulma ba ta tafiya a yashi, ƙasarmu kuwa yashi ce, saboda haka wuraren hawa uku kawai muke da su a duk faɗin garin, kowanne da mutanensa. Na farko barandar lakwal. Simintinta sumul, a shimfiɗe, babu gangare. In mushe ya tafi gida sai ƴan koyo su taru, a zaunar da yaro a tura shi, in ya faɗi gwiwa ce kawai za ta goge. Na biyu radiye, simintin da aka zuba inda hanya ta ratsa ƙorama. Ka gangaro ta wannan gefe, gudun ya haurar da kai ɗaya gefen, in ba ka iya karkata ba ka tsinci kanka cikin yashin ƙorama baki cike da ƙasa. A nan ake koyon durƙuso a kan allo, a nan kuma ake gane mai zuciya da mai baki kawai. Na uku shi ne Gangaren Dutsi, inda kwalta ke saukowa daga kan tudu ta miƙe ƙasa, doguwa, baƙa wuluk. A gindinsa hanya ta yi kwana ta bayan wani ƙaton dutse, wanda ke sama ba ya ganin abin da ke tahowa, wanda ya zarce kwanar kuma rami ne ke jiransa, da duwatsu da ƙaya. Ba a tsallake mataki. Akwai wani babban yaro, Maidaji, da muke kira sarkin gangare, shi ke duban hawan kowa ya ce wane ya isa radiye, wane ya koma baranda. In ya ce ba ka isa ba, ko ɗan wa kake, ba ka isa ba.

Abin da ya riƙe wasan duka shi ne mai tarba. A baranda da radiye kowane babba yana iya tsaya wa ƙarami, ya kama shi in ya taho. Gangaren Dutsi kuwa mai tarbarka mutum ɗaya ne, kai ma kai ne nasa. Shi zai tsaya a kwana, inda yake ganinka a sama yana kuma ganin hanya ta bayan dutse. In babu mota sai ya tuɓe rigarsa ya ɗaga, in bai ɗaga ba ko za ka kwana a can ba ka motsawa. Yana ɗaure da igiyar kaba a ƙugu, in ka iso da gudu ya miƙo maka bakinta, ka cafke, gudun ya ja ku ku biyu ku zube cikin yashin gefen hanya. Sai ya san nauyinka, ya san gefen da kake karkata, ya san ko kana cikin masu rufe ido in tsoro ya kama su. Ana ɗaura wannan alkawari a gaban Maidaji da sauran yara, kowa ya riƙe baki ɗaya na igiyar ya ce wa ɗan'uwansa, "Ni na naka." Daga ranar ba a sauyawa muddin ɗayan yana da rai. Akwai wani da ya taɓa aron mai tarba don nasa yana zazzaɓi. Na aron ya miƙa igiya ta gefen da bai saba ba, yaron ya wuce cikin ramin, har ya girma yana ɗingishi. Tun daga nan ko ƙaramin yaro ya san sauka da mai tarbar wani abin kunya ne, kuma ganganci.

Ni da Tahiru mun gama baranda tare, mun gama radiye tare, muka riƙe igiya a gaban Maidaji ana gab da faɗuwar damina. Dokarsa ita ce sabon mai sauka ɗaya a kowace ranar kasuwa, bayan motocin ƴan kasuwa sun gama shigowa. Muka ja kara, Tahiru ya ci. Har yau in na rufe ido ina ganin ranar. Ina tsaye a kwana, igiya tana cizon ƙuguna. Na leƙa bayan dutse, sai ga wata kamiyo, babbar motar kaya, tana tahowa a hankali da lodin buhuna. Na riƙe rigata gam, yara a sama suna ta ihu in ɗaga, wasu har da zagi, na ƙi. Sai da ta wuce, ƙurarta ta kwanta, na sake leƙawa, sannan na tuɓe rigar na ɗaga. Da farko ƙarar na ji, siririya daga nesa, tana ƙaruwa har ta cika mini kunne, sannan na gan shi a durƙushe, iska ta cika masa riga. Na tuna bahago ne, na tsallaka ɗaya gefen hanya na miƙa igiyar ta hagunsa. Ya cafke. Wani abu ya fizge ni, ƙasa ta juya, muka tsinci kanmu cikin yashi ɗaya kan ɗaya, allon ya yi nasa wuri. Fatar ƙuguna ta saluɓe, ban ma ji ba. Tahiru yana kwance yana kallon sama, kafaɗunsa suna rawa.

"Yaya sabkar take?" na tambaye shi. "Mi kaj ji?"

"Ba ta hwaɗuwa da baki," ya ce. "Sai ka sabka da kanka. Saura kai, ran kasuwa mai zuwa."

Kafin ranar kasuwar ta zagayo aka yi ruwan shuka. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ta Kurfai ya san in ruwan shuka ya sauka babu sauran wasa, yaro da babba kowa gona. Muka rataye allon a rumbu muka ce sai kaka. To, kakar ce ba ta zo ba. Ruwa ya ɗauke hatsi yana gwiwa, muka yi ta duban gabas har wuya ya gaji. Aka yi roƙon ruwa, aka sake yi. Hatsi ya bushe a tsaye, iska tana kaɗa shi yana ƙara kamar takarda. Abin da na fi tunawa a shekarar shi ne shirun safiya, don taɓarya ta daina amsa wa taɓarya. Gida ɗaya zai yi daka, a gajarce, a hankali, kamar mai jin kunyar maƙwabta. Shanu suka yi ta faɗuwa a hanyar Baleyara. Motocin taimako suka riƙa zirga-zirga a kwalta, jandarma ya ce duk yaron da ya gani a Gangaren Dutsi ubansa zai kama. Ko bai faɗa ba ma, wanda ya kwana da kunun dusa ba ya hawa tudu don wasa.

Mu mun tsira a gida saboda kawuna da ke Tabla yana da ɗan abin da ya rage a rumbu. Gidan su Tahiru ba su da kowa. Wata la'asar ya tsallako danga ya ce in sauko da allon. Na sauko da shi ina murna, na zaci wani wurin hawa ya gano. Sai ya zauna ya ɗauki dutse ya fara bugun rulmar baya har ta fita, ya fitar da ɗayar ma, ya zuba su a aljihu.

"Mi kaka yi haka?" na ce. "Ka ɓata muna allo!"

"Gobe mu ka tahiya," ya ce, bai ɗago kai ba. "Baba ya ce Yamai, in ba ta yi ba mu wuce gaba. In na bar maka su duka, Maidaji na zuga ka ka sabka da wani. Ba wanda yas san kana karkata dama in ka tsorata, sai ni. Kak ka sabka sai na komo."

"Yaushe za ka komo?"

"In anka yi hatsi mana."

Da safe na raka su tasha ina ɗauke da tabarmar innarsa. Aka loda su a bayan kamiyo tare da wasu gidajen, da tukwane da ƴan ƙullin kaya. Ba mu yi wata bankwana ba, yara ba su iya ta ba. Da motar ta tashi sai ya tuɓe rigarsa ya ɗaga mini, yana dariyar nan tasa marar sauti. Na tsaya har na daina ganin rigar, sannan na koma gida na ba jaki ruwa.

Shekara ta zagayo aka yi hatsi, ta sake zagayowa aka yi wanda ya fi shi. Waɗanda suka tafi suka fara dawowa, wasu da rediyo, wasu da tari. Wasa ya dawo Gangaren Dutsi. Duk ranar kasuwa ina can saman tudu tun hantsi, ina duban motocin da ke fitowa daga Baleyara, in wata ta tsaya in ruga tasha in duba masu sauka ɗaya bayan ɗaya. Gidansu danga ta faɗi, awaki suka mai da shi wurin kwana. Sa'o'ina duk suka sauka, ƙannenmu da na tura da hannuna a baranda su ma suka zo suka sauka, ni ina gefe. Aka fara yi mini waƙa, ana cewa tsoro ne ya hana ni na fake da Tahiru. Rannan Maidaji da kansa ya kira ni gefe. Ya ce nasa mai tarbar ya shiga soja, don haka zai ba ni rulma biyu, kuma shi zai tsaya mini. Sarkin gangare ya tsaya wa yaro, ba a taɓa yi ba.

"Na gode," na ce masa. "Ina da nau."

"Naka wa? Wanda ko saƙo bai aiko ba? Wa yas san ma shina da rai?"

"Ba wanda yac ce ya mutu."

Ya dube ni ya tofar da yawu ya tafi. Na yi kuka a bayan rumbu ranar, don ina son sauka kamar raina, kuma ina jin haushin Tahiru, ina kuma kewarsa, duk a lokaci guda. Inna ta same ni a wurin. Ba ta lallashe ni ba, ba halinta ba ne. Ta ce, "Ɗan nan, mutanen ga yunwa tak kore su, ba yawo sunka tai ba. In Allah ya yi shina komowa, kana ganinai. Tashi ka kai wa ubanka hura gona." Na tashi na kai.

Daga nan girma ya zo ya same ni, kamar yadda yake samun kowa ba da shawara ba. Na bar lakwal, na kama gona, na ɗan taɓa sayen hatsi ina kai wa kasuwanni, na yi aure, aka haifi ƴaƴa. Sojoji suka tafi, farar hula suka zo, sojoji suka dawo, har na daina lissafin wanda ke sama. Duk ɗan cin ranin da ya dawo sai na tambaye shi. Wani ya ce ya ga mai kama da shi yana tura kura a Kwatano, wani ya ce a'a, Abijan ne, ya yi aure can. Wani kuma ya ce ya ji an ce ya rasu, amma da na matsa masa sai ya ce shi ma ji ya yi. Ban taɓa yi masa addu'ar mamaci ba, ta mai tafiya nake yi masa. Katakon allon gara ta ƙarasa shi, rulma biyun na adana. Kwaltar gangaren ta farfashe, ta zama ramuka, yaran yanzu kuma in ka ce musu an taɓa wasa a wurin sai su ɗago kai daga waya su dube ka da tausayi.

To, wannan ƙarar ce ta biyo ni har tsakar gidan ɗana. Ba a yi nisa ba uwar Nuhu ta gaji da shi, don ya fasa mata tukunyar fure ya kuma goge bango. Ubansa ya ce ba zai fita titi da abin nan ba sai da babba, babban da ba shi da aikin yi a gidan kuwa ni ne. Haka muka shiga neman wurin hawa a cikin Yamai, shi da wayarsa, ni da sandata. Wayar takan ce ga wuri mai kyau, mu sha kuɗin taksi mu je mu tarar an gina shaguna a kai, ko mai gadi ya kore mu. Da tambayar bakin mutane muka samu filin wani tsohon gidan mai da aka daina aiki da shi, simintinsa a shimfiɗe, ƙananan yara suna ta kai da kawowa. Ina gani na ce wannan ai baranda ce, nan za ka fara. Ya ɓata rai, wai wurin jarirai ne, na ce in bai so mu koma gida. Muka yi makonni a nan, ni ina zaune kusa da wata mai sayar da kopto, wato kwaɗon zogale, muna hira, shi yana faɗuwa yana tashi. Da na ga ƙafarsa ta zauna sai muka koma wani fili a bayan wurin wasan ƙwallo, mai ɗan gangare da matakala, inda samari suke. Sun iya, ba zan hana su ba, suna yin abin da ko a mafarki ba mu yi ba. Amma kowa da abin kiɗa a kunne, kowa ya jingina wayarsa tana ɗaukarsa hoto. In ɗaya ya faɗi, sai ya tashi ya fara duba wayar kafin ya duba gwiwarsa. Babu mai cewa wane ka isa, wane ba ka isa ba, kuma babu mai tsaya wa kowa.

Wuri na uku yana ƙetaren kogi. Wasu matasa ne suka haɗa hannu suka gina tudun siminti, tsayinsa ya fi mutum, da gangare mai santsi da ke ƙarewa a wani fili, bayan filin kuma katanga. In aka gwada shi da Gangaren Dutsi abin dariya ne, amma ga yaron da bai taɓa ba, ai dutse ne. Nuhu ya daɗe yana roƙona, ranar na ce ya isa. Ya hau, ya ɗora allon a baki, ya ɗora ƙafa ɗaya, sai ya tsaya. Ya duba ƙasa, ya duba katangar. Waɗanda ke bayansa suka fara gunaguni, wani ya ɗaga waya yana jiran ya ɗauki faɗuwarsa. Yaron ya waiga dama ya waiga hagu, duk cikar wurin babu idon da zai kama. Na san wannan tsayuwar, na yi ta shekara da shekaru.

Na ajiye sandata, na kwance rawanin da ke wuyana na ɗaura baki ɗaya a ƙugu, na taka har tsakiyar filin.

"Tsoho, fita daga nan, za a karya ka!" in ji wani saurayi.

"Kai dai riƙe wayarka," na ce masa. Na ɗaga murya: "Nuhu! Dube ni nan, bar duban katanga. In na ɗaga hula ka taho. Kana karkata dama, ta dama za ni miƙo maka. Ka kama da hannu biyu."

Na duba ko'ina, babu mai giftawa, na cire hula na ɗaga. Ya taho. Ƙarar nan ta cika mini kunne, na miƙa rawanin, ya cafke, ya fizge ni, muka zube tare. Siminti ba yashi ba ne, ƙuguna ya gaya mini haka har mako guda. Amma ya sauka a kan ƙafafunsa har ƙasa, kuma bai kai katanga ba. Samarin suka yi ta tafi, har da mai wayar. Nuhu yana haki yana dariya, ya ɗaga ni, ya kakkaɓe mini riga, muka koma gefe muka zauna.

"Kaka, wa ya koya maka wannan?"

Na ciro rulma biyun daga aljihu na sa masa a tafin hannu, na ba shi labarin baranda da radiye da Gangaren Dutsi, da igiyar kaba, da Tahiru. Tun da na zo garin nan ban yi magana mai tsawon wannan ba, kuma bai taɓa wayarsa ba har na gama. Ya yi ta juya ƙarafan, sun ƙi juyawa saboda tsatsa.

"Wato kai ba ka taɓa sauka ba? Ko sau ɗaya?"

"Ko sau guda."

Ya miƙe tsaye da sauri, ya kwance rawanin daga ƙuguna ya ɗaura a nasa. "To tashi. Ba sai ka tsaya ba, zama za ka yi a kan allon, daga rabin gangaren kawai. Ni zan tarbe ka, wallahi ba zan sake ka ba."

Na dubi gangaren. Ba shi da wani tsawo, kuma yaron da gaske yake, ya riga ya tafi tsakiyar filin ya tsaya, ya cire hularsa yana jira in ce to. Raina ya so, ba zan yi ƙarya ba, har na dafa ƙasa zan tashi. Sai na ji nauyin ƙarafan nan da ya mayar mini a hannu. Na yafito shi, ya dawo yana tambayata ko ƙugun ne.

"Ba ƙugu ba ne," na ce. "Allah shi yi maka albarka. Ni ina da nau mai tarba, bai dai komo ba tukuna."

Ya kwance rawanin ya naɗa mini a wuya, ya miƙo mini sandata, ya ɗauki allonsa, muka fita bakin titi neman taksi.